Tsofaffin hotunan ƙwallo da ke yawo a wayoyinmu: abin da suke nunawa da abin da suke ɓoyewa

Da wuya mako ya wuce ba ka ci karo da irinsa ba, ko a Facebook, ko a X, ko a sitatus ɗin wani abokinka a WhatsApp. Hoto ne baƙi da fari. Ɗan wasa ya yi kaca-kaca da taɓo, wani ya ɗaga ƙafa har ƙirjin abokin karawarsa, alƙalin wasa kuma yana gefe, ko a jikinsa. A ƙasan hoton an rubuta cewa wannan ne lokacin da maza ke buga ƙwallo. Nan take sharhi zai ɓarke. Wannan ya ce ’yan wasan yanzu ko iska ce ta taɓa su sai sun faɗi, wancan ya ce na’urar VAR ta kashe ƙwallo.

Abin lura shi ne, akasarin masu wannan kewa ba a haife su ba lokacin da aka ɗauki hoton. Ba su taɓa zama a waɗannan filaye ba, ba su kuma kalli ko wasa ɗaya na wancan zamani daga farko zuwa ƙarshe ba. Hoton ne ya sa musu kewar. Shi kuwa hoto na’ura ce ta ɗauke shi, mutum ne ya zaɓe shi, yanzu kuma manhaja ce ke kawo maka shi. Idan ka san yadda waɗannan abubuwa uku suke aiki, za ka ci gaba da jin daɗin tsofaffin hotuna ba tare da sun yi maka rufa-ido ba.

Maradona da mutum shida

Mu fara da hoton da kusan kowane mai son ƙwallo ya taɓa gani. Diego Maradona ne ya juya wa kyamara baya, lamba 10 a rigarsa, ƙwallo a ƙafarsa ta hagu, a gabansa kuma ’yan wasan Beljiyam shida sun cure wuri guda kamar waɗanda suka ga zaki. Saƙon da ido ke karantawa a fili yake: mutum ɗaya ya gagari ƙasa guda.

Wani mai hoto ɗan Ingila, Steve Powell, shi ya ɗauki hoton a filin Camp Nou da ke Barcelona ranar 13 ga Yunin 1982, a wasan buɗe gasar kofin duniya. ’Yan Beljiyam ɗin ba Maradona suka taru su tsare ba. Katanga suka yi domin bugun tazara, sai aka miƙa wa Maradona gajeren fas a gefe, katangar ta fara watsewa, a daidai wannan lokaci Powell ya danna. Babu abin da ya fito daga wannan hari. Beljiyam ce ma ta ci wasan da 1-0, duk da cewa Ajantina ce ke riƙe da kofin.

Da yawa suna ɗora hoton suna cewa na 1986 ne, shekarar da Maradona ya zura wa Beljiyam ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Hoton na gaske ne, babu wanda ya taɓa shi da kwamfuta. Amma labarin da muke karantawa a cikinsa mu muka saka shi. Wani ɗan yanki ne na sakan ɗaya daga cikin wasan minti 90.

Kyamarar da ta haifi wannan kama

Me ya sa tsofaffin hotunan ƙwallo suke da wani kwarjini da na yanzu ba su da shi? Babban ɓangare na amsar yana cikin kayan aikin.

Mai hoto a shekarun 1960 zuwa 1980 da fim yake aiki, kuma naɗi ɗaya hoto 36 yake ɗauka. Idan ya ƙare, sai ya buɗe kyamara ya sa wani, ko da kuwa ana shirin buga fenariti. Gilashin kyamara da hannu ake saita shi, ɗan wasa yana gudu kana murzawa, domin kyamarori masu saita kansu ba su yaɗu ba sai bayan fitowar Minolta 7000 a 1985 da jerin Canon EOS a 1987. Kyamarar ƙwararru irin Nikon F3 ta 1980, idan aka haɗa mata injin ja da fim, hoto shida take iya ɗauka a sakan ɗaya. Kwatanta da Sony a9 III da aka sanar a 2023, wadda ke ɗaukar 120 a sakan ɗaya, tana kuma bin idon ɗan wasa da kanta.

Sai matsalar haske. A Ingila ƙarfe uku na rana ake take wasa, kuma a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya fara shiga. Fitilun filaye ba su da ƙarfin na yau. Fim ɗin da masu hoton jarida suka fi dogara da shi, Kodak Tri-X, ƙarfin jin haskensa 400 ne. Sai su yi aiki da shi kamar mai 1600, su ƙara masa lokaci a ruwan wanke hoto. Sakamakon haka hoto ya fito da tsaki-tsaki, baƙin ya yi ƙirin, farin ya yi fat. Fuskar matashi ɗan shekara 24 sai ta koma kamar ta tsohon soja. Wannan tsaki-tsakin da masu hoton da suke fama da shi don dole, shi ne yau muke nema a filtar Snapseed ko VSCO.

Taɓon kuma gaskiya ne. Filaye irin Baseball Ground na Derby County sun yi ƙaurin suna wajen komawa kamar fadama da sanyi. Filayen manyan ƙungiyoyi na yau suna da magudanar ruwa, da bututun ɗumama ƙasa, da ciyawar da aka saƙa da zaren roba, da fitilun da ke sa ta tsiro. Riga ba ta ƙara yin datti kamar da, shi ya sa ido yake ganin kamar ba a sha wahala.

Rariya uku

Kafin tsohon hoto ya iso fuskar wayarka, an tankaɗe shi sau uku.

Rariya ta farko mai hoton ne. Tunda fim ɗinsa ƙidayayye ne, ba zai ɓata shi a kan fas ɗin gefe ba. Jira yake a yi karo, ko a ci, ko a yi faɗa. Ta biyu editan jarida ne. Tun ana cikin wasa ake ba ɗan aike fim ya garzaya da shi ɗakin wanke hoto, kuma daga cikin abin da aka wanke ɗaya ko biyu ne za su shiga shafin baya, waɗanda za su sa mai wucewa ya tsaya ya sayi jarida. Ta uku ita ce ta zamaninmu: mai shafin tsofaffin hotuna yana zaɓar mafi tayar da hankali daga dubbai, sannan manhajar dandalin ta ƙara tura wanda ya fi jawo sharhi da musu.

Abin da ya tsira daga rariya ukun nan shi muke ɗauka a matsayin ƙwallon da. Wasannin da aka tashi babu ci cikin ruwan sama, da waɗanda mai tsaron gida ya yi ta karɓar ƙwallo daga ’yan bayansa yana cinye lokaci, har aka hana hakan a 1992, babu mai ɗora hotonsu.

Ko waɗanda ke cikin hotunan ba duka ne suka yarda da labarin ba. Monte Fresco na jaridar Daily Mirror ya ɗauki biyu daga cikin mafiya shahara. Ɗaya na watan Fabrairun 1988 ne, inda Vinnie Jones na Wimbledon ya miƙa hannu baya ya damƙi gaban Paul Gascoigne na Newcastle. Ɗayan na watan Agustan 1966 ne, inda Dave Mackay na Tottenham ya shaƙe wuyan rigar Billy Bremner na Leeds. Mackay ya taɓa karya ƙafarsa ta hagu sau biyu, kuma ita Bremner ya doka. Har ƙarshen rayuwarsa Mackay yana nuna ba ya son hoton, domin yana sa a ɗauke shi azzalumi. Hoton da ake yaɗawa a matsayin shaidar jarumta, mai shi fushin mutumin da ke tsoron karaya ta uku yake gani a ciki.

Keta kam an yi ta

Kada mai karatu ya fahimci cewa kyamara ce ta ƙirƙiro komai. Ƙwallon da ta fi ta yanzu keta, kuma dokokin wasa ne suka ba da ƙofa.

A wasan ƙarshe na kofin FA na 1956, mai tsaron gidan Manchester City, Bajamushe Bert Trautmann, ya yi karo da ɗan wasan Birmingham City saura minti 17 a tashi. Ya ci gaba da tsaron raga yana dafe da wuya, City ta ci 3-1. Bayan kwana uku hoton asibiti ya nuna ƙashin wuyansa ya karye. Ana ba da labarin a matsayin jarumta, kuma jarumta ce. Sai dai a lokacin babu canji. Idan ya fita, ƙungiyarsa za ta ƙarasa da mutum goma. Sai a kakar 1965 aka yarda da canji a gasar lig ta Ingila, a kofin duniya kuwa sai 1970.

Kati ma babu. A gasar 1962, wasan Chile da Italiya ya koma dambe, har ’yan sanda suka shiga fili don fitar da ɗan wasan Italiya da aka kora. Baturen Ingila Ken Aston ne ya yi alƙalanci. Shi ne daga baya, bayan ruɗanin da aka samu kan korar kyaftin ɗin Ajantina Antonio Rattín a 1966, ya tsaya a fitilar danja a Landan dabara ta faɗo masa: ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuma tsayawa. An fara amfani da katin a gasar 1970 a Meziko.

A 1966 an yi ta dukan Pelé a wasan Bulgeriya da na Potugal har ya fita yana ɗingishi, Brazil ta koma gida tun a rukuni. A 1982 mai tsaron gidan Jamus ta Yamma, Harald Schumacher, ya banke Patrick Battiston na Faransa, ya suma, ya rasa haƙora, ƙashin bayansa ya taɓu, alƙali bai ko busa keta ba. A 1983 Andoni Goikoetxea na Athletic Bilbao ya karya idon sawun Maradona. A nan kusa da mu, wa zai manta da Benjamin Massing na Kamaru a wasan buɗe gasar 1990 a Milan? Claudio Caniggia ya tsallake mutum biyu, Massing ya kwashe shi har takalmin Massing ɗin ya cire. An ba shi jan kati, Kamaru ta ƙarasa da mutum tara, ta kuma doke Ajantina 1-0. Har yau bidiyon yana yawo ana dariya.

Bayan an danna kyamara

Hoto yana tsayawa inda aka danna. Jikin ɗan wasa kuwa da shi zai koma gida, kuma jiki magayi.

Marco van Basten ya lashe Ballon d’Or sau uku. Wasansa na ƙarshe shi ne wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 1993, yana da shekara 28. Idon sawunsa ya lalace, an yi ta tiyata ba a dace ba, ya yi ritaya a 1995. Bayan shekara uku aka mayar da mummunar keta ta baya laifin jan kati. Duk wanda ke cewa an lalata ƙwallo da dokoki, ya tambayi kansa shekara nawa Messi zai yi yana wasa da a ce an bar masu tsaron baya da ’yancin da suke da shi a 1983.

Sai batun kai. Nauyin ƙwallo a doka bai canza sosai ba, tsakanin giram 410 ne zuwa 450 a farkon wasa. Amma tsohuwar ƙwallon fata tana shan ruwa, idan ana ruwan sama sai ta ƙara nauyi. Ƙwallon kofin duniya ta farko da aka yi da roba zalla ita ce Azteca ta 1986. Jeff Astle na West Bromwich Albion, wanda ya shahara da cin ƙwallo da ka, ya rasu a 2002 yana da shekara 59 bayan fama da cutar mantuwa, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa sana’arsa ce ta jawo masa. Daga cikin mutum 11 da suka ci wa Ingila kofin duniya a 1966, biyar sun kamu da cutar mantuwa: Ray Wilson, Martin Peters, Nobby Stiles, Jack Charlton da ƙanensa Bobby.

A 2019 masu bincike a Jami’ar Glasgow ƙarƙashin Dokta Willie Stewart sun kwatanta tsofaffin ’yan wasan Skotland sama da 7,600 da sauran jama’a sama da 23,000. Sun gano cewa haɗarin mutuwa ta dalilin cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka kusan sau uku da rabi a wajen ’yan wasan. Ci gaban binciken ya nuna ’yan baya, waɗanda suka fi sa kai, su suka fi shiga haɗari, masu tsaron gida kuma ba su bambanta sosai da sauran mutane ba. Yanzu hukumar ƙwallon Ingila ta fara hana ƙananan yara sa kai da gangan a wasanninsu, kuma tun 2024 doka ta ba gasanni damar ƙara canji na musamman ga wanda ya bugu a ka.

Akwai hoton Terry Butcher na Ingila a wasansu da Suwidin a Satumban 1989, kansa naɗe da bandeji, farar rigarsa ta rine da jini. Kusan duk shafin da ke kewar ƙwallon maza ya taɓa ɗora shi. A 2021 shi Butcher ɗin da bakinsa ya yi kira da a rage sa kai a ƙwallo sannu a hankali har a daina.

Abin da ke wajen hoton

Hotunan ’yan kallo a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, dubbai kamar teku, suna da kyau ƙwarai. A irin waɗannan filaye ne mutum 56 suka mutu a gobarar Bradford ranar 11 ga Mayun 1985, mutum 39 suka mutu a Heysel da ke Brussels kwana 18 bayan haka, sannan turmutsutsun Hillsborough na 15 ga Afrilun 1989 ya ci ran mutum 97. Kujerun da ake zargi da kashe armashin filayen Ingila bayan wannan musiba aka wajabta su. A Accra ma, ranar 9 ga Mayun 2001, sama da mutum 120 suka rasu a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko bayan an harba hayaƙi mai sa hawaye cikin ’yan kallo.

Akwai kuma hoton da Bob Thomas ya ɗauka a filin Everton a 1988, inda John Barnes na Liverpool yake ture ayabar da aka jefo masa da dunduniya. Matashin Bahaushe da ke kewar wancan zamani ya tuna irin tarbar da mai launin fatarsa ke samu a waɗannan filaye. Wariyar ba ta ƙare ba, abin da Vinícius Júnior ya sha a Sifaniya shaida ne, amma yau ana iya tsayar da wasa a kanta, har kotu ta ɗaure wasu.

Ranar 12 ga Agustan 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas ana tsakiyar wasan Najeriya da Angola, bai sake tashi ba. Shekararsa 25. Ranar 12 ga Yunin 2021, zuciyar Christian Eriksen na Denmak ta tsaya a fili a Copenhagen. Likitoci suka iso cikin gaggawa da na’urar farfaɗo da zuciya, ya rayu, ya dawo ƙwallo, har ya ci wa ƙasarsa a gasar Turai ta 2024. Kwana na Allah ne, amma wannan ƙaramar na’ura da ke gefen fili tana cikin abubuwan da ƙwallon zamani ta zo da su.

Inda masu kewa suke da gaskiya

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai abubuwan da ke ba mai kallo haushi a bana: faɗuwar ƙarya, da jiran minti uku kafin a san ko ƙwallo ta ci, da tikitin da ya fi ƙarfin talaka, da ’yan wasan da ba a ganin su sai ta bayan baƙin gilashin mota.

A fannin hoto ma an yi rashi. Mai hoton da yana zama dab da raga, yana shiga ɗakin canza kaya, yana ɗaukar ’yan wasa suna shan shayi. Haka John Varley ya samu hoton Pelé da Bobby Moore suna musayar riga a Guadalajara a 1970 bayan Brazil ta doke Ingila 1-0, kowa na dafa ɗan’uwansa cikin girmamawa. Yau manyan ƙungiyoyi suna da masu hotonsu, su suke tace abin da zai fita. A gasar Qatar ta 2022 kyamara 42 ke ɗaukar kowane wasa don talabijin, ga wasu 12 a rufin fili suna bin gaɓoɓin ’yan wasa don gano satar gida. Hotuna sun yi yawa, amma kaɗan ne ke zama a rai. Mai yiwuwa abin da muke kewa ke nan, kusancin da ke tsakanin ɗan wasa da jama’a, muka ɗauka keta muke kewa.

Rariya ta huɗu: ƙirƙirarriyar basira

Yanzu an samu sabon abu. Manhajojin AI suna sa wa tsohon hoto kala, suna gyara fuska, har suna ƙirƙiro hoton da ba a taɓa ɗauka ba. Fim baƙi da fari ƙarfin haske kawai yake adanawa, shi ya sa jar riga da shuɗiya za su iya fitowa da toka-toka iri ɗaya. Manhajar da ta sa kala hasashe ta yi. Haka Remini da ire-irenta: ba dawo da fuskar da ta dushe suke yi ba, zana wata suke yi daga fuskokin da suka koya. Kafin ka tura tsohon hoto gaba, gwada waɗannan:

Ka binciki asalinsa da Google Lens ko TinEye. A TinEye za ka iya jera sakamako daga mafi tsufa. Idan ya fito a rumbun Getty Images, ko Alamy, ko Mirrorpix, za ka ga kwanan wata da fili, sau da yawa har da sunan mai hoto.

Ka duba hannun alƙalin wasa. Idan an ce hoton na shekarun 1950 ko 1960 ne amma yana riƙe da kati, akwai matsala.

Ka duba riga. Sunan ɗan wasa a baya ya fara a gasar Firimiya a 1993, a kofin duniya kuma a 1994. Tallan kamfani a ƙirji bai zama ruwan dare a Ingila ba sai bayan Liverpool ta sa Hitachi a 1979.

Ka duba ƙwallo. Mai faci baƙi da fari, wato Telstar, a 1970 ta shiga kofin duniya.

Ka buɗe hoton sosai ka kalli allunan talla da fuskokin ’yan kallo. AI ta kan ƙware a kan mutumin da ke gaba, amma rubutun baya ya kan fito kamar tafiyar tsutsa, fuskoki kuma su narke cikin juna.

Idan ka ɗora, ka rubuta sunan mai hoton. Wani ne ya zauna cikin ruwa da sanyi ya ɗauke shi.

Namu hotunan fa?

Turawa suna da rumbuna, shi ya sa tarihin ƙwallonsu ya cika wayoyinmu. Mu ma muna da tarihi. Mighty Jets ta Jos ce ta ci gasar lig ta farko a Najeriya a 1972. Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978, kuma a watan Afrilun wannan shekara ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pelé yana sanye da rigar baƙin. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988. Hotunan irin waɗannan ranaku, da na ƙungiyoyin unguwa da na makarantu, da yawa suna cikin adaka da tsofaffin albam a gidajenmu, gara da danshi suna cin su.

Wayar da ke hannunka ta isa ta cece su. Manhajar PhotoScan ta Google tana ɗaukar hoton takarda daga kusurwoyi daban-daban ta haɗa don kawar da ƙyalli. Ka yi aikin a inuwa mai haske, ban da filasha. Ka ɗauki bayan hoton ma, domin a nan ake samun kwanan wata ko hatimin mai hoto. Ka zauna da baba ko kawu ka naɗi muryarsa yana faɗin sunayen waɗanda ke ciki, tun yana iya tunawa. Ka ajiye kwafin asali ba tare da filta ba, idan za ka tura a WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen don kada a matse shi.

Haka wasan unguwarku na bayan la’asar. Idan wayarka tana da yanayin Pro, ka sa saurin ɗauka a 1/1000 don tsayar da motsi. Rana ta kasance a bayanka. Ka durƙusa kusa da raga maimakon jawo hoto da yatsa, wanda ke rage masa inganci. Ka ɗauka da kala, baƙi da fari ana iya yin sa daga baya. Kada ka tsaya kan wasan kaɗai: ka ɗauki masu kallo a kan katanga, da mai sayar da ruwa, da takalman da aka jera a matsayin turakun raga. Nan da shekara 40 su za a fi nema.

Idan ka tambayi ’yan Najeriya hoton ƙwallon da ya fi zama musu a rai, da yawa za su ambaci na Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, a Dallas ranar 21 ga Yunin 1994. Finidi George ya ba shi, ya ci Bulgeriya ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a kofin duniya, ya shige cikin raga ya riƙe zarenta yana girgizawa yana ihu. Babu jini a hoton, babu taɓo, babu wanda aka karya. Sama da shekara 30 ke nan, har yanzu idan ya bayyana a fuskar waya, yatsa ya kan tsaya.